Ranar da Na Ɓata a Saman Ƙauyenmu

Mu biyu aka ɗauka daga ƙasar Haɗeja zuwa makarantar koyon tuƙin jirgin sama, jim kaɗan bayan yaƙin basasa: ni da wani ɗan masunta daga Kirikasamma. Shi bakinsa ba ya hutawa a aji. Ko an yi masa dariya sai ya sake ɗaga hannu ya ce, "Malam, ban gane ba, a maimaita." In an tashi kuma ya wuce wurin makanikai, ya dawo hannu duk baƙin mai, yana ta fara'a. Ni kuwa kujerar baya nake zama, in haddace littafi, in ci jarrabawa. Lissafin yadda iska ke karkatar da jirgi bai taɓa zauna mini ba, amma kunya ta hana ni faɗa.

Da aka ce in yi doguwar tafiya ni kaɗai, sai na zaɓi hanyar gida. A raina na ce ai ƙasarmu ce.

Ƙarshen damina ne. Na iso na tarar babu kogin da na sani. Ruwa ya malale fadama, ya shanye gonakin shinkafa, sai kawunan goruba. Ƙauyuka sun zama tsibirai, duk kamarsu ɗaya. Na duba taswirar da ke kan cinyata, lambobin da na rubuta da hannuna suka ƙi yi mini magana. Na yi ta kewaye, mai yana raguwa, inuwar jirgin tana bina a kan ruwa. Muryar malamina ta shigo ta rediyo: "Kana ina?" Na ci gaba da laluben ƙasa da ido.

Layin dogo na hango wajen Malam Madori. Shi na bi har na koma makaranta, na sauka lafiya.

Abokina, ɗan masuntan nan, ya tare ni. Da na gaya masa gaskiya, cewa lissafin iskar nan ne ban taɓa ganewa ba, ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai da ka yi magana mun zauna tare."

Da na je hutu, inna ta ce, "Kwanaki wani ƙaramin jirgi ya yi ta zagaya gidanmu. Muka fito muna ɗaga hannu, na ce kai ne ka zo gaishe mu."

Na ce, "Ni ne, Inna."

Har ta rasu tana ba baƙi labarin. Ni kuwa ina komawa na nemi a cire ni daga tuƙi a mayar da ni aikin ƙasa a filin jirgi, kuma a can na tsufa.