Motar Kaka a Tafin Hannu

Kawuna ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen miƙar da ƙarfen da wasu suka lanƙwasa. Fanibita ne, mai gyaran jikin mota. In ka kai masa motar da ta sha karo, ba ya tambayarka yadda aka yi. Sai ya lumshe ido ya bi jikinta da tafin hannu, sannan ya ɗauko guduma. Ranar da ka zo ɗauka, sai ka yi ta zagaya motar kana neman wurin da ya lotsa ka rasa. Wannan hali har gida ya bi shi. Murfin tukunya in ya karkace, ko cokali in ya lanƙwashe, Kawu ba zai iya cin abinci ba sai ya miƙar da shi. Matarsa ta ce ta daina ɓoye kwanon da ya faɗi, don ko ƙarƙashin gado ta tura shi sai ya jiyo kukansa.

Da bayansa ya fara ciwo, likita ya hana shi sunkuyo, dole ya bar gareji. Muka ɗauka zai kwanta ya huta kamar sauran tsofaffi. Ina! Sai ya share ɗan ɗakin ajiya da ke bayan kicin, ya jawo tebur gaban taga, ya koma ƙera motoci. Amma fa ƙanana, waɗanda za su zauna a tafin hannu. Ya ce ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da ya auna a jikin mota ta gaske, sai ya raba shi gida ashirin da huɗu ya ɗauki ɗaya. Ko madubin gefe bai yafe wa wannan ƙa'ida ba.

Ina son shiga ɗakin nan da rana, lokacin da haske ke zubowa ta taga ya kwanta a kan kantoci. Motoci ne jere reras, tasi da a-kori-kura da motar asibiti da doguwar bas, kowace ta juyo da fuska wajen ƙofa kamar tana jiran fasinja. Jikinsu na gwangwani ne da ya yanka ya buga ya goge. Tayoyin daga tsohon takalmin roba ya fere su, gilasan daga gorar ruwa, fitilun kuwa maɓallan riga ne da yake kwasa a shagona, don ni tela ce. Ƙofofinsu na buɗewa, sitiyarinsu na juyawa. In ka sunkuya ka leƙa ciki ka daɗe, sai ka ji ɗakin ya yi nisa, ka fara jin kamar kai ma za ka iya ƙanƙancewa ka shiga ka zauna a ja ka a tafi. Kawu ya ce yakan ji ƙarar injinsu in gida ya yi shiru. Matarsa ta ce ƙarar firji ce.

Kawu dogo ne, sai ya rage tsawo yake shiga ƙofa. Amma mahaifiyata, wadda muke kira Umma, Gajere take ce masa. Ita ce yayarsa, ita ta goya shi, kuma a cewarta ya daɗe bai fi tsayin turmi ba kafin ya tashi ya miƙe lokaci guda. Duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka, ko a gaban yaran garejinsa ba ta fasawa. Shi kuwa sai ya amsa yana sosa ƙeya.

Sai mantuwa ta kama Umma. Ta fara da makulli da tabarau, ta koma manta ko ta ci abinci, daga nan ta shiga sunaye tana kwashewa ɗaya bayan ɗaya. Na dawo da ita gidana, na sa mata kujera a bakin taga, can take wuni tana kallon titi. Kullum da yamma Kawu zai zo. Rannan ya yi sallama ya shigo, sai Umma ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa kake nema?"

Ya yi dariya ya ce hanya ce ta biyo da shi. Ya zauna suka gaisa kamar baƙi, ta tambaye shi iyali, ya ce lafiya lau. Da ya fita na bi shi da hularsa da ya manta, na same shi tsaye a barandar bene ya zuba wa bango ido. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Tun daga nan ya zama Malam. Bai daina zuwa ba, amma na san abin da yake zuwa nema: ta ɗago ta ce masa Gajere, ko sau ɗaya ne.

Akwai wani labari da Umma ta saba ba mu tun muna yara, tana dariya har da hawaye. Mahaifinsu, wato Kakana, yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, shuɗiya kalar sararin sama. Gidansu a kan tudu yake, titin ya gangara har wajen wani turken lantarki. Wata rana Kaka ya ajiye motar a ƙofar gida ya shiga ciki. Umma, tana 'yar budurwa a lokacin, ta shige mazaunin direba, ta ɗora Gajere a gefenta, ta ce za ta kai shi ƙarshen duniya. Ta saki birkin hannu. Motar ta fara tafiya a hankali, babu ƙarar inji, gidaje na wucewa, iska na shigowa ta taga. Umma ta ce ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan gangara ba. Ƙarshen duniyar dai turken lantarki ne. Kafaɗar motar ta hagu, saman taya, ta lotsa, fitilar wajen ta karkace.

Da Kaka ya fito da gudu, kafin Umma ta buɗe baki Gajere ya ce shi ne ya taɓa birkin. Shi ya sha bulala. Kaka kuwa ya ƙi gyara wurin, ya ce a bar shi kowa ya riƙa gani. Abin ya tsaya wa yaron a rai. Yakan kwanta ƙarƙashin motar yana tura ƙarfen da dunƙulen hannu, ya yi alkawarin wata rana sai ya miƙar da shi. Abin da ya kai shi gareji ke nan. Amma kafin hannunsa ya faɗa, an sayar da motar ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe.

To wannan motar Kawu ya ce zai ƙera wa Umma. Ya ce in ta manta mutane, ba za ta manta motar Baba ba, in kuma ta tuna motar, ai za ta tuna wanda ke zaune a gefenta.

Hoto ɗaya muke da shi, shi ma dangi sun tsaya a gaba sun tare rabin motar. Sauran daga kansa ya ciro. Wata da watanni yana kai. Sai in shiga in same shi da gilashin ƙara girma a ido, hantsaki a hannu, yana liƙa mariƙin ƙofa da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wani lokaci kuma aikin na ajiye, shi yana kallon taga, tunaninsa ya tafi can. In na yi gyaran murya sai ya ce, "Kin san kujerar baya tana da wani ƙamshi in rana ta buge ta? Yanzu na ji shi." Ni na ɗinka kujerun da fatar tsohuwar jakata, ya sa na warware su ya fi a ƙirga, wai ɗinkin ya yi wa motar girma. Fenti kuwa sai da ya cika taga da gutsattsarin gwangwani, kowane da irin shuɗinsa, yana ɗaga su sama yana gwadawa da sararin samaniya.

Ranar da ya gama ya kira mu. Motar na kan farin ƙyalle tana sheƙi, sumul, ko ƙwarzane babu. Ya shafa kafaɗarta ta hagu da ɗan yatsa ya ce, "Yau dai na cika alkawari. Na gyara ta." Muka yi ta tafi ni da matarsa. Babu wanda tunaninsa ya kai ko'ina a cikinmu.

Ya kai wa Umma a cikin kwalin takalmi. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta buɗe ƙofa ta rufe, fuskarta ta washe.

"Kai, wannan mota ta yi kyau. Ta wane ce, Malam?"

"Ta Baba ce, Yaya. Motarmu ce."

Ta sake dubawa. Babban yatsanta ya sauka kan kafaɗar hagu, ya shafa, ya koma ya sake shafawa, yana lalube kamar mai neman allura a tabarma. Sai ta girgiza kai.

"A'a, tamu ba haka take ba." Ta miƙa masa. "Mayar wa mai ita, kada ya yi ta nema."

Kawu ya mayar da ita kwali ya rufe. Washegari bai zo ba, haka jibi. Da abin ya ishe ni na rufe shago na tafi gidansa a fusace, da niyyar in gaya masa Umma ba mota take buƙata ba, ɗan'uwanta take buƙata. Na same shi a ɗakin ya tasa motar a gaba, 'yar ƙaramar gudumarsa na gefe. Duk faɗan da na shiryo sai ya zube.

"Kin ga yatsanta?" ya ce.

"Na gani, Kawu."

"Tun ina yaro nake son in gyara wurin nan."

"To ai ka gyara. Ga shi ta ce ba taku ba ce."

Ya juya gudumar a hannu. "Ni fa duk rayuwata daga ciki nake bugo ƙarfe ya fito. Ban taɓa bugunsa daga waje ya shiga ba. Hannuna bai iya ba."

Sai a lokacin na lura da tarin gwangwanayen da ke ƙasan tebur. Ashe gwaji yake ta yi. Kowane ya lotsa shi, amma lotsawar ta fito tsaf, a zagaye, kamar an auna. Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Ba ni ita in sake ta a ƙasa, an wuce wurin. Ni ai na ƙware, shekara nawa ina ba ka aiki."

"Ba kowace irin lotsawa ba," in ji shi. "Tamu doguwa ce, ta ɗan kwanta, don a karkace muka bugi turken."

Sai ya jawo gwangwanin ƙusoshi ya zaɓo wata mai kauri. Ya auna ta, ya ce daidai take da turken in an raba shi gida ashirin da huɗu. Ya ce in riƙe motar. Ya kwantar da ƙusar a kan kafaɗar hagu, a ɗan karkace, ya lumshe ido kamar yadda yake yi a gareji. Ya daɗe a haka, ina jin sai da ya sake gangaro titin nan tun daga sama. Sannan ya buga, sau ɗaya. Fentin ya tsage, fitilar ta karkace. Ya buɗe ido ya dubi ɓarnar da ya yi, ya ce, "Ita ce." Ya ɗauko burushi mai sili kaɗan ya ɗiɗɗiga mata tsatsa a bakin tsagar.

Da yamma muka tafi tare. Umma na bakin taga, rana ta yi sanyi tana kwance a cinyarta. Ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Kawu ya matsa kusa da ita. Ya ɗauki farantin da na kawo mata shayi, ya jingina bakinsa da gwiwarta, ya ɗaga ɗaya bakin, ya ɗora motar a sama ya saki. Ta gangaro a hankali, babu ƙara, ta faɗa hannun Umma.

Yatsanta ya tafi kai tsaye, ya faɗa cikin lotsawar ya tsaya. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta ɗago, ta dubi ƙofa, ta dube shi, ta rage murya.

"Gajere. Baba ya fito?"

Kawu ya ce, "Bai fito ba tukuna, Yaya."

"Me za mu ce masa?"

"Zan ce ni ne."

Ta kama wuyan hannunsa. "Zai dake ka fa."

"Ba komai. Ai ba ya daɗewa yana zafi."

Ta yi ɗan murmushi, ta matsa gefe, ta bubbuga ƙasa kusa da ƙafarta. "To zo ka zauna nan wajena kafin ya fito."

Na buɗe baki zan tuna masa maganar likita, sai na rufe. Kawu ya naɗe doguwar ƙafarsa ya zauna a ƙasa, kansa ya zo daidai kafaɗarta. Umma ta ɗora hannu ɗaya a kan furfurarsa, ɗayan na riƙe da motar, suka juya suna kallon ƙofa.