Malam Garba Mai Usur da Kwalbar da Ta Tsaya a Tsaye

Bayan la'asar ne, ina tsakar gida da 'yan matan da nake koya wa karatu, ƙanena Sani ya shigo ba sallama. Usur ɗin Baba na hannunsa. Usur ɗin nan ko a gadon asibiti bai bar wuyan mahaifinmu ba, don haka ban jira bayani ba. Ya ce, "Yaya Rabi, sai haƙuri." Na sallami yaran. Aka yi masa salla a Haramin Makka bayan magariba, aka kai shi maƙabartar Ma'ala. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Wanda bai san Malam Garba ba, to shi ne dattijon da ya shafe shekara ashirin da wani abu yana koya wa ɗaliban makarantar unguwarmu ta Hindawiyya ƙwallon ƙafa. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi. Ya daɗe a Sudan yana dako a bakin teku, a can ya ga wasan ya koya, kafin ya ƙetaro nan ƙasa mai tsarki. Makarantar ta ɗauke shi gadin ƙofa ne kawai. Filin bayanta juji ne a lokacin, shi ya share shi da hannunsa. Malamai suka ce wasan Nasara ya kawo, iyaye suka zo da bulala. Bai yi gardama da kowa ba. Da an kira salla yakan busa usur, ko da ƙwallo na bakin raga, ya tasa yaran gaba zuwa masallaci. A hankali masu bulala suka koma 'yan kallo.

Yana da wata al'ada da duk unguwa ta sani. Kullum da safe, kafin yaro ya taka filin, yakan tuɓe takalmi ya bi shi layi-layi, daga ragar gabas zuwa ta yamma, yana tsince ƙaya da ƙusa da tsakuwa yana zubawa a gwangwani. Yawancin yaran ba su da takalmi. Na sha ce masa, "Baba, ga tsintsiya." Sai ya ce, "Ya binti, 'yata, tsintsiya ba ta jin zafi. Abin da zai soki ɗan mutane, ya fara sukata."

Abin da ya soke shi ke nan. Wata biyu da suka wuce ya dawo yana ɗingishi, jini ya cika masa tafin ƙafa, ga shi da ciwon sukari. Ni na wanke ciwon kafin a kira wanzami, ni na zazzage gwangwanin. Gindin kwalabe ne, koraye, an fasa su, kuma ya gaya mini da bakinsa cewa a tsaye ya same su cikin yashi, kaifin na kallon sama, a jere gaban ragar gabas inda yake farawa. Na karanta littattafai daidai gwargwado, ban taɓa cin karo da iskar da ke dasa kwalba a tsaye ba.

Na ce zan je wurin umda, wato mai unguwa. Ya riƙe mini hannu.

"Kin ga wanda ya dasa?"

"Ban gani ba, amma na sani."

"Alƙalin wasa ba ya busa abin da bai gani ba. Duk wanda ya tambaya, ku ce ƙusa ce."

Haka muka faɗa wa kowa, har Inna. Ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, likita ya ce a yanke, kwana ya ƙare kafin a kai ga haka.

Yanzu bari in faɗi abin da na gani da wanda na ji, tunda su kaɗai ya bar mini. Akwai Hamza, tsohon ɗalibinsa, wanda Baba ya ɗauka a kafaɗa ranar da ya karye a filin nan. Yau babban mutum ne, yana da lori, yana saukar da alhazai. Sau uku yana zuwa gidanmu a bara yana roƙon Baba ya sa baki makaranta ta ba shi filin ya ajiye tantuna. Na ji shi ta bayan labule: "Ya Ammi, baffana, na lokacin Hajji ne bas, ba ƙari." Baba ya ce, "Tantin da ya kwana uku a wuri, gini yake zama." Mudir, wato shugaban makarantar, kuwa ya ce muddin Malam Garba na taka filin, ba mai taɓa shi.

Ranar farko ta zaman makoki Hamza ya fi kowa kuka. Shi ya kawo gahawa da buhun shinkafa. Ya zo bakin labule yi wa Inna ta'aziyya, sai na ji ya ce, "Allah yarhamu. A ce 'yar kwalba ta kashe mutum kamar wannan!" Inna ta ce, "Ƙusa dai, ɗana." Sai ya ce, "Aiwa, haka ne, ƙusa."

Na gaya wa Sani. Ya ce, "Haba Yaya, wanzami ai ba bebe ba ne. Ƙila shi ya yi surutu." Ƙila. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma na kwana ina istigfari. Amma istigfarin bai hana ni jin labarin cewa tun ba a share makoki ba Hamza ya koma wurin mudir.

Washegarin kwana na uku na hau soro, inda ake hango filin. Lorin Hamza na tsaye a gefe, cike da tantuna, shi yana zaune a ciki. Sai ga tsofaffin ɗaliban Baba suna fitowa daga lungu-lungu: direbobi, teloli, wani ma limami ne yanzu. Ba wanda ya kira su. Suka tuɓe takalma suka jeru a ragar gabas. Na tura Sani da gwangwanin Baba, na ce ya miƙa wa Hamza a gaban kowa, ya ce masa in ji 'yar Malam, babban ɗalibi shi ke shiga gaba. Sani ya kai saƙon. Hamza ya dubi gwangwanin, ya dubi yashin gaban raga, ya daɗe yana dubansa. Bai sauko ba. Ya tada mota ya tafi. Su kuwa suka bi filin layi-layi har ragar yamma, mudir na tsaye yana kallo, kuma kafin azahar yara suna buga ƙwallo.

Ban busa usur ba, Baba. Na dai ajiye ƙwallon a inda kowa zai gani.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Garba, ka yalwata kabarinsa, ka sanya kowace ƙaya da ya tsince ta zama haske gare shi. Ƙafar da ya ba da domin 'ya'yan mutane, ka tabbatar da ita a kan siraɗi. Ka ba Inna haƙuri, ka ƙarfafa Sani, ka sanyaya mini zuciya. In na zargi wanda bai ci ba, ka yafe mini. In kuwa hannu ne ya dasa kwalbar nan, kai ka gani, kuma kai ne Alƙali. Amin.