Zoɓon Yayata

A shekarun da kuɗin mai suka fara kawo mana lemon kwalba, na yi doguwar jinyar zazzaɓi a Birnin Kudu. Allah Ya tashi kafaɗata, amma Ya riƙe mini ɗanɗano. Tuwo da gishiri da zuma duk suka zama ɗaya a bakina. Nakan ce alhamdulillahi bayan cin abinci, alhali na san laɓɓana ne kaɗai suke faɗa. Wannan ya fi ciwon damuna, domin na ji tsoron in ƙarasa kwanakina ina godiyar da ba ta kai zuci ba.

Masu dubiya suka yi ta kawo lemo har kwalabe suka yi sahu a zaure. In na kurɓa, sai kumfa da gyatsa.

Wata Laraba da hantsi yayata ta iso daga Kwandiko da 'yar gora naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Yakuwarta kunya ɗaya ce a gefen gonar gyaɗa, zoɓon da take samu a shekara ba ya cika ƙwarya biyu, kuma ba ta sayarwa. Ba ta tafasa shi, jiƙa shi take yi a sabuwar tukunya.

Da ta tsiyaya mini zoɓon a ƙoƙo, ya fito jawur har yana duhu. Na tambaye ta kwanansa nawa a jiƙe, domin na karanta hukuncin abin da aka tsima har ya juya ya zama mai sa maye.

Ta ce, "Malam, tun kana yawo ba wando nake jiƙa zoɓo. Jiya da la'asar na jiƙa, yau na tace. Sha, ka bar mini fiƙihu."

Na yi bisimilla, na kurɓa, na riƙe a baki. Da fari shiru. Can sai tsami ya tsira a gefen harshena, ɗumin citta ya biyo baya zuwa maƙogwaro, sannan kanumfari, sannan ƙanshin ƙasar tukunyar. Na ce mata akwai zuma a ciki, kuma tana ƙanshin furen ɗorawa. Ta ce ta garin Zandam ce, ɗan kaɗan ta ɗiga, ba ta zaci zan ji ba. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban gama ƙoƙon nan ba sai da aka kira azahar. Hamdalar da na yi a ƙarshensa, ita ce ta fari cikin watanni da na ji ta fito daga ƙirjina.

Ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Har yau ba na ambatonta a addu'a face miyau ya taru a bakina.