Ɗan Gaban da Ya Ƙi Ture Malaminsa

Na gaji da a tambaye ni ko yaro zai yi ko ba zai yi ba. Shekaru masu yawa na yi ina koyar da ƙwallon kwando a wani filin siminti da ke bayan wata makaranta wajen Ƙofar Rini. A can gwiwoyina suka mutu, a can muryata ta dushe, kuma har yau in wani ya tsaya a kaina ya ce, "Koci, ƙaƙa kake ganin wancan?" sai in ji kamar in tashi in bar masa bencin. Mutane sun ɗauka tsawo ake dubawa. Na ga dogaye da yawa waɗanda ba su da amfanin komai sai sauya ƙwan lantarki.

Amma akwai guda ɗaya da na so a tambaye ni a kansa. Ɗan gaba ne, irin wanda ke wasa kusa da kwando. Aikinsa ya karɓi ƙwallo, ya juya wa mai tsaronsa baya, ya yi ta tura shi da ƙugu da kafaɗa har ya samu wurin jefawa. Ya yi kakar wasa guda a wani ƙaramin kulob a wata jiha, ana biyansa, sai kulob ɗin ya watse, yaron ya dawo gida. Ɗan gidan malamai ne a Ƙofar Atiku. Mahaifinsa bai hana shi ƙwallo ba, amma ya yanka masa wa'adi: in shekara ta zagayo bai samu kulob ba, zai koma shagon yadin ƙanen mahaifin a kasuwa, magana ta ƙare. Saura wata biyu wa'adin ya cika.

Ana haka sai wani tsohon abokina ya kira ni. Bakano ne, tare muka yi wasa lokacin muna da ƙafa, yanzu yana nema wa wani babban kulob 'yan wasa. Ya ce gurbin ɗan gaba ɗaya ya rage musu, kuma yini ɗaya kawai zai yi a Sakkwato. Na ce ya taho, ina da abin da zan nuna masa.

Na shirya wasan gwaji bayan la'asar, don kafin nan simintin na iya gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Dole in samo wanda zai tsare yaron, kuma mutum ɗaya ne a filinmu ya kai shi tsawo, wani malamin makaranta da ya haura talatin, mai ƙirji kamar ƙyauren shago. Na san ɗalibin mahaifin yaron ne. Na kuma san a gabansa yaron ke zama kowace safiya yana ɗaukar karatu. Na sani sarai. Na ce a raina fili fili ne, zaure zaure ne, wanda har ya ci albashin ƙwallo ai ya wuce wannan. Ni da aka haifa a garin nan na yi wannan tunanin, shi ne abin da ke ba ni haushi.

Aka busa usur. Ƙwallon farko ta zo hannunsa a ƙarƙashin kwando, daidai inda nake so. Maimakon ya juya baya ya tura, sai ya tsaya a kaikaice, ya ja da baya taku biyu, ya miƙa wa wani. Ta biyu ma haka. Ta uku ya jefa daga nesa, ta bugi ƙarfe ta dawo. Suka tashi sama tare, hannunsa ya riga na malamin kaiwa, ina gani da idona ya janye shi. Abokina yana zaune a gefena da ɗan littafinsa, bai rubuta komai ba, yana ta sosa gemu.

Na tsayar da wasa, na ja yaron gefe.

"Kai, mi ka damunka? Mutumin ga don kai yat taho tun daga Kano!"

Ya sunkuyar da kai, zufa na ɗiga daga haɓarsa. "Koci, Malam na hwa. Ƙaƙa zan juya mishi baya in ture shi da ƙugu gaban jama'a?"

Malamin ya jiyo mu, ya matso yana dariya. "Ture ni, ɗan malam, na yahe maka." Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Da aka koma, ko inuwarsa yaron bai yarda ya taka ba.

Daga ƙarshe na sauya mai tsaro, na sa wani gajere sa'ansa. Nan fa ya buɗe wuta. Ya tura, ya juya, ya zura, har sau nawa ban ƙirga ba, masu kallo suna ta ihu. Na waiwaya ina murmushi. Abokina ya ce, "Wannan gajeren ai ko ni da tumbina zan ci shi."

Bayan an tashi muka zauna a kan benci, aka kawo mana fura. Na zayyana masa komai, gidan da yaron ya fito da karatun safe. Ya saurara har na gama, sannan ya ajiye ludayi.

"Na ji, mutumina. Hannu yana da shi, ƙafa yana da ita. Amma a gasarmu kusan kowa ya girme shi, wasu ma da furfura a gemu. Gurbi ɗaya nake da shi. Ka gaya min tsakaninka da Allah, malaminsa kawai yake jin nauyi, ko duk wanda ya girme shi?"

Na buɗe baki zan ce malaminsa kawai. Sai na tuna sau nawa na ga ya bar wa manya ƙwallon da take tasa, sau nawa aka doke masa hannu ya yi shiru don mai dukan ya girme shi. A lokacin daɗi nake ji, ina cewa yaro mai tarbiyya. Ban taɓa ganin wasansa a wancan kulob ɗin ba. Kuma mutumin ya haɗa ni da Allah.

Na ce, "Ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya rufe littafin, ya tambaye ni inda ake samun kilishi mai kyau. Da safe ya hau mota. Bayan mako guda na ji sun ɗauki wani.

Wa'adi ya cika, yaron ya koma shago. Bai yi rigima da kowa ba. Da na bi ta layin 'yan yadi na gan shi, shi ke sauko da bandir daga can sama ba tare da ya taka kujera ba. Ya taso da sauri ya russuna ya gaishe ni, ya ba ni wurin zama. Muka taɓa hirar zafi da ta kasuwa. Na miƙe zan tafi, ya raka ni har bakin layi, sai ya tsaya.

"Koci, ran nan da na ture Malam, da ka ji daɗi?"

Na ce masa ƙwarai kuwa, da na ji daɗi. Ya dube ni, karo na farko da ya taɓa kallona ido cikin ido, ya ɗan yi murmushi ya koma. Ƙarya na yi masa, kuma ya gane. Da ya ture malaminsa a gaban jama'a, da ya samu gurbin nan, ni kuma da na kasa haɗa ido da mahaifinsa a masallaci.