Ranar da Ƙanwata Ta Sulalo Daga Dutsen Ƙanƙara

Wata Asabar muna tsakar gida a Suleja, ƙanwata da ke karatu a Turai ta kira mu ta bidiyo. Tana saman wani dutse da ya ninka Zuma tsawo, ko'ina fari fat da ƙanƙara, ƙafafunta biyu ɗaure a kan katakon sululu ɗaya.

"Mama, ki duba!" in ji ta. Ta miƙa wa ƙawarta wayar, ta sulale ƙasa.

Mama ta saki muciya tana salati. Ni kuwa sai tsalle da ihu, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga. Yarinyar nan ta karkata hagu, ta karkata dama, ta faɗi, ta miƙe tana dariya.

Mama ta ƙwace wayar daga hannuna. "Ke! Ba ki karye ba? To, sake yi in gani da kyau."