Finjalin da Aka Cika Min

Har yau idan na ga matan unguwarmu sun haɗa kai a kan waya suna kallon fim ɗin da shugaban ofis yake juya ma'aikaciyarsa kamar waina a tanda, wai da sunan soyayya, sai raina ya ɓaci. Ni ma na kalla, kuma na ɗanɗana kuɗata.

Lokacin ina aiki a wata madafa a unguwar Mansur cikin Makka, muna dafa wa alhazai shinkafa da tuwo. Umara na zo na zauna, ba ni da iƙama, wato takardar zama. Ɗakina na unguwar Nakkasa an rushe shi, don haka a lungun bayan madafar nake shimfiɗa katifata. Mai wurin haifaffen Makka ne, jikan Hausawa, Hausarsa rabi Larabci ce. Mudir muke ce masa, wato shugaba.

Bayan azahar wata abokiyar aikina takan kunna mana fim muna yankan albasa. Duk labarin ɗaya ne: shugaba mai ɗaure fuska, ma'aikaciya mai sunkuyar da kai. Ya ce tsaya, ta tsaya. Ya ce sake, ta sake. Can ƙarshe sai a gano ashe so ne yake ɗawainiya da shi, ya sauko ya yi mata hidima da hannunsa. Mu kuwa mu yi ta shewa.

To, ni Mudir ya zaɓa in riƙa kai masa gahawa. Shi ya koya min: buta a hagu, finjali a dama, a zuba ɗan kaɗan a gindinsa. "La, la, kin yi yawa. Zubar ki sake." Ba zama, ba magana, sai ya girgiza finjalin alamar ya isa. Wani lokaci yana sane yake ƙin girgizawa, ya zuba min ido ina tsaye har ƙafata ta yi tsami. Ni kuwa baiwar Allah, sai na riƙa cewa a raina ai ga shi nan kamar a fim. Har na fara hango aure, da takardar zama, da ɗaki mai ƙofa. Matar fim ita idan ta gaji za ta ce ya isa, ta ɗauki jakarta ta fita titi, ba wanda zai tare ta ya tambaye ta takarda. Ni ina zan je?

Da aikin Hajji ya matso, bincike ya tsananta a kan marasa iƙama da masu ɗaukar su aiki. Wata rana da hantsi ya kira ni. "Ta'ali, zauna." Ya karɓi butar daga hannuna, ya zuba min da kansa, ya cika finjalin fal har yana tsiyaya. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. A garinmu wanda ake ji da shi ake cika wa kwano. Na shanye, ko ɗacin ban ji ba.

Na koma madafa baki har kunne, na ba uwar girkinmu labari, wata dattijuwa da ta tsufa a Makka. Sai ta ajiye muciya.

"Cika miki ya yi? Fal?"

"Fal, Iya."

"Wayyo 'yar nan. A nan ba a cika wa wanda ake so ya zauna. Cewa ya yi ki sha ki tafi. Halas, an gama da ke."

Na ce ita dai ba ta so na da alheri. Na zaga lungu, sai ga katifata an naɗe, an ɗaure da igiya, an jingine ta a bakin ƙofa.

Tun daga nan nake kwana yau a ɗakin wannan, gobe a na waccan, da katifar a kaina. Na daina sa ran komai a garin nan. Korar ma na haɗiye ta. Abin da har gobe yake ci min rai, da na ajiye finjalin sai da na durƙusa har ƙasa na ce masa na gode.