Uwar Injiniya Ta Daina Ɗaukar Wayarsa

Akwai maganar da ke cina a ciki, amma ku bari in fara gaya muku wane ne Injiniya, don ku san nauyinta.

Shi ke tsaron na'urorin ofishinmu. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, sanyi kamar firji, wayoyi sun fi gashin kaina yawa, fitilu kore da ja suna ta ƙifta ido. Shekararsa goma sha ɗaya a ciki. Mutumin da ko atishawa ka yi kusa da kwamfuta sai ya sa ka canza kalmar sirri. Yanzu kwana tara ke nan wasu ɓarayin intanet suna ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya toshe nan su ɓullo can, har oga ya ce ba hutu sai ƙura ta lafa.

To, ga maganar. Watan jiya ɓarayi suka kwaikwayi muryarsa da na'ura, suka kira mahaifiyarsa, wai yana hannun 'yan sanda. Saura ƙiris tsohuwa ta sume. Sai ya zaunar da ita ta waya, ya yi mata karatu: murya ba shaida ba ce, duk wanda ya kira da sunansa ta tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani.

Tsohuwa ta riƙe karatu fiye da malaminta. Tambayarta ɗaya ce: me ta faɗa masa a bakin ƙofa ranar da ya bar gida?

Injiniya ya manta. Mutumin da ya haddace lambobi sun fi dubu. Ya ce addu'a ta yi masa, ta kashe waya. Ya ce ta hana shi abokan banza, ta kashe. Ƙanwarsa da ke jinyarta ta rantse yayanta ne, tsohuwa ta ce ke ma sun ruɗe ki. Aka kunna mata bidiyo, ta ce shi da bakinsa ya gaya mata fuska ma ana ƙera ta. Gobe da safe kuma za a shiga da ita tiyata, tafiyar yini guda tsakaninsu.

Ɗazu da azahar na bi ta barandar, tsautsayi ya kai kunnena jikin ƙofarsa, yana waya da ita, muryarta na fitowa fili.

"Inna, ni ne fa. Ki bar ni in ji muryarki kawai."

"Ɗana ya san amsa," in ji ta. Ƙit.

Na ƙara mannewa da ƙofar. Sai ƙofa ta buɗe, na tafi luu har gaban takalminsa. Na fara laluben ɗan kunnen da bai faɗi ba. Ko faɗa bai yi ba, idonsa jawur.

Ya ce, "Yaya, tunda kin ji komai, ke uwa ce. Me kuke faɗa wa yaro in zai tafi?"